Rasuwar Muryar Inna a Cikin Manhaja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da allon kwamfuta ya gama cinyewa, Malam Abdussalam mai rubuta manhaja a Gummi yana sanar da 'yan uwa rasuwar Muryar Inna, wani ɗan abu da ke zaune cikin manhajar maganin dabbobi da ya rubuta wa makiyaya.

Marigayiyar ba mutum ba ce, gutsuren sauti ce da ya ɗauka a bakin mahaifiyarsa, Inna Hure, daminar da Allah Ya karɓi abinsa. Duk wanda ya zo rufe shafi sai ta ce masa, "Ina za ka ba ka ci tuwo ba? Zamna!"

A ƙwaƙwalwar waya akwai mai shara, aikinsa kwashe duk abin da babu mai riƙe da shi. Malam kuwa, da furfurarsa da takardunsa, ya ɗaure marigayiyar a gindin manhaja, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ita kuma ta gado halin mai ita, ba ta sallamar baƙo. Shafin da duk aka buɗe sai ta riƙe masa hannun riga. Mai shara ya leƙo, ya ga kowa da mai riƙonsa, ya juya. Haka shafuka suka yi ta taruwa har ƙwaƙwalwar waya ta cika.

Jinyar ta fara da nauyin jiki, sai zazzaɓin batir, sai suma. Ranar da saniyar Umaru na Adabka ta kwanta, wayarsa ta daskare yana tsaka da neman awon allura, Malam ya san lokaci ya yi. Da hannunsa ya rubuta null a gaban sunanta, wato ya saki. Bai san sa'ar da aka kwashe ta ba, don mai shara ba ya sallama.

Ta rasu ta bar Malam, da saniyar Umaru wadda ta miƙe, da wayoyin da yanzu ke gudu kamar babur a gangare, shiru, babu mai tsai da kowa.

Babu wanka, babu likkafani, don ba a bar gawa ba. Za a yi zaman makoki a ƙofar shago bayan La'asar, kowa ya zo da wayarsa a sa masa sabuwar manhaja. Addu'a ta Inna Hure ce, Allah Ya jiƙanta. Shi kuma Malam, wanda duk ya zo tashi, don Allah ya tambaye shi ko ya ci tuwo.