Motar da Ta San Daji

Wani ne a benenmu, hawa na sama. Ba zan faɗi sunansa ba, don wasunku sun taɓa shan kofi da shi. Mutum ne da iyakar dajin da ya sani shi ne lambun bayan masallaci. Tururuwa ta hau masa ƙafa sai ya koma gida ya canja wando. To shi ne ya wayi gari ya ce shi ɗan dutse ne.

Abin da ya jawo, matarsa Seniya 'yar ƙauye ce, daga can duwatsun saman garin Konjic. Duk bazara ubanta, tsoho Muharem, yakan hau da tumakinsa makiyayar kan dutse, dangi su taru a gasa rago. Duk shekara gogan naku a bayan motar ƙanen matar yake zuwa, da tiren burek, gashin fulawar nan mai nama a ciki, a cinya, kowace kwana sai an tsaya ya yi amai. Bara tsohon ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Seniya, bana ma kin taho da kayanki?" Aka kwashe da dariya.

Abin ya tsaya masa a wuya. Hunturun nan kakaf ya ƙare shi yana kallon masu zango a daji a waya. Ƙanƙara na narkewa ya sayar da 'yar motar da Seniya ke zuwa aiki da ita, bai gaya mata ba, ya nufi kasuwar motoci ta ranar Lahadi.

Can ya faɗa hannun wani dillali wai shi Shefko.

Gogan ya ce, "Jif nake nema, ta hannu, mai ja da ƙafa huɗu."

Shefko ya kai shi gaban wata tsaf-tsaf, tana sheƙi. Ya ce, "Wannan daga Jamus ta zo. Ta wata tsohuwa ce, coci kawai take zuwa da ita ta dawo."

"Ba na so."

"Me ta yi?"

"Motar da ba ta san komai ba sai hanyar coci, ita zan kai dutse? Ta ga kyarkeci ta firgita? Ni wadda ta san daji nake so."

Shefko ya dube shi daga hula har takalmi. Nan ya gane irin arzikin da Allah ya turo masa da sassafe. Ya rage murya ya ce, "Ashe da masani nake magana. Biyo ni, yallaɓai. Akwai wadda ba kowa nake nuna wa ba."

Ya zaga da shi bayan shinge. Ga wata jif nan ciyawa ta kai mata ciki, tsatsa ta cinye ta kamar ta kwana a teku. Da suka buɗe ƙofa kyanwa ta fito da 'ya'yanta.

Mutumin ya ce, "Wannan lotsawar ta gefe fa?"

"Beyar ce, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, ta kai mata mari. Beyar ɗin dai ba ta ƙara moruwa ba."

Ya shiga ya zauna. Ya ce, "Ina hango ƙasa ta ƙarƙashin ƙafata."

"Don ka riƙa ganin irin hanyar da kake takawa. Ba kowace ake yi wa wannan ba."

"Mita ta tsaya."

"Gajiya ta yi da ƙirga."

Aka tura ta ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe kasuwar har mai gasa nama na gefe ya zo yana zagi.

Shefko ya ce, "Na sauro ne. In ka je daji za ka yi mini addu'a."

Gogan ya kama ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafa huɗu su ja, ya kaɗa ta. Tana yawo kamar cokali a miya. Ya ce, "Kai, laushi gare ta."

"Aikin mutanen da ne. Yanzu ina ake irinsa."

Ko ragi bai nema ba, wai ɗan dutse ba ya ciniki. Shefko da kansa abin ya ɗan taɓa shi, ya ba shi kyautar turaren nan da ake ratayawa a madubi.

Da Seniya ta sauko garejin ƙarƙashin bene ta ga abin da motarta ta zama, ba ta yi faɗa ba. Ta zaga ta sau ɗaya, ta taɓa ƙofa, ta duba yatsanta. Ta ce, "Maigida, in wannan abar ta kai mu wajen Baba da ƙarfinta, na yafe. In ba ta kai ba, ni zan ƙarasa da ƙafa, kuma ka dawo kai kaɗai."

Ya ce, "Ki dai tanadi bakin yabo."

Ya kira Milorad bakanike, wanda ke gyara wa duk benen motoci. Milorad ya ajiye akwatinsa ya ce, "Maƙwabci, kafin a ɗora mata komai bari in leƙa ƙarƙashinta."

"Wa ke ganin ƙarƙashi? Surukina kwanciya zai yi ya duba? Yi sama."

Aka yi sama. Aka sa mata tayoyi manya-manya irin na tarakta. Aka kafa ƙarfen ɗaukar kaya a rufi, aka ɗora tanti mai tsani. Aka jera fitilu a goshi kamar filin ƙwallo. Ya sa aka manna bututun shaƙar iska a gefe, wai don tsallake kogi, shi da ko a bahon wanka sai ya riƙe gefe. A bambar gaba aka ɗaura injin ja mai igiyar ƙarfe. Sai firji, da tukunyar gas, da jarkoki, da shebur, da gatarin da bai san ta ina ake riƙewa ba. Har da wani bandaki na roba mai murfi. Milorad ya ce dutsen nan gaba ɗaya ai bandaki ne. Gogan ya ce shi ba zai tsuguna kyarkeci na kallonsa ba.

Ranar tafiya ya sa wando mai aljihu ta ko'ina da hula mai faɗi. Ya tayar da mota, ya nufi ƙofar gareji, sai ƙarau. Tanti ya daki rufi.

Ya fito ya dubi mota, ya dubi ƙofa. Ya ce, "An rage wa ƙofar nan tsawo."

Zlata, tsohuwar da ke hawa na ƙasa, ta zo zubar da shara. Ta tsaya ta ce, "Maƙwabci, ƙaura kuke yi?"

"Zango za mu je, Inna. Kwana ɗaya."

"To da ka bar wa gidan ko kujera, kada ɓarawo ya shiga ya ji kunya."

Aka sace iskar tayoyi. Ba ta wuce ba. Ya bi gida-gida yana roƙon mutane su zo su shiga don ta ƙara nauyi ta duƙa. Ni ma na shiga, da ni da Zlata da bokitin shararta da wani mai kawo wasiƙa da ya faɗo tsautsayi. Ta wuce da kyar, ta bar rabin fitilun a jikin ƙofa. Ya tsince su ya zuba a firji.

Sauran labarin daga bakin Seniya na ji, kuma ba ta rage masa komai ba.

Kun san hanyar makiyayar nan. An zuba mata tsakuwa, mai kai burodi ma da 'yar motarsa yake hawa. Suna isa mararraba ya karya sitiyari ya shiga tsohuwar hanyar masu jan gungume.

Seniya ta ce, "Ga hanya can."

"Waccan ta mata ce da masu burodi."

"Ni mace ce, kuma burodi na ɗauko."

Bai kula ba. Suka yi ta sukuwa a kan duwatsu, rassa na tsince kaya ɗaya-ɗaya. Tsanin tanti ya tafi. Bandakin roba ya tafi, ya ce a dawowa sa ɗauka. A haka dai har suka iso rafin da ke gindin tudun makiyayar. Daga nan ana hango hayaƙin rago, ana hango dangi zaune a ciyawa. Su ma suna hangowa.

Rafin nan ko gwiwar akuya bai kai ba, amma gefensa taɓo ne baƙi ƙirin. Gefe guda ga inda aka jera duwatsu ana bi. Ya ce a'a, ta tsakiya zai bi don a gani. Ya danna hon, ya taka mai. Ta shiga da ƙarfinta, ta zauna.

Ya ce, "Yanzu za ki ga aiki." Ya ja ƙaramar giya. Ta biyo hannunsa ta fito gaba ɗaya.

Ya taka mai. Ƙafafun baya suka yi ta juyawa suna haƙa, na gaba suna tsaye suna kallo. Ya hau kan bonet inda waya ke kamawa, ya kira Shefko.

"Ka ce mini tana ja da ƙafa huɗu."

"Na ce tana da ƙafa huɗu. Duba, nawa ka gani?"

"Huɗu."

"To. Har da tayar safaya ma ka ci riba. A gai da beyar."

Ya sauko yana huci. Ya ce ba komai, don irin wannan rana ya sayi injin ja. Ya kutsa taɓo har cinya, ya jawo igiyar ƙarfe ya ɗaura a wata ƙatuwar itaciya ta ƙetaren rafi. Ya dawo ya danna. Igiya ta miƙe. Mota ta yi nishi. Sai bambar gaba ta ɓalle daga tsatsa, ita da injin da lambar mota, suka ratsa rafi a hankali suka hau gaɓa suka je suka rungumi itaciya. Motar kuwa ta yi tari biyu ta mutu.

Ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Gaban dai ya isa."

Seniya ta ɗauki burodinta da tirenta, ta tuɓe takalmi, ta taka duwatsun nan ta haye. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Can sai ga tsoho Muharem yana gangarowa, yana jan ƙaton dokinsa na jan gungume, samarin gidan na biye. Ya zaga motar ya leƙa firji ya ga fitilu. Ya ce, "Suruki, sannu da zuwa. Su waɗannan sai sun yi sanyi ake kunna su?"

"Gwaji nake yi, Baba. Ina so in ga iyakar ƙarfinta."

"Ka gani?"

"Saura kaɗan."

Aka sauke kaya kaf aka tara a gaɓa, kamar kasuwar gwanjo ta ci a bakin rafi. Aka ɗaura sarƙa. Doki ya ja, samari suka tura, ta fito da wani irin sauti kamar an cire takalmi daga kunu. Tsohon ya ce ya shiga ya riƙe sitiyari. Doki a gaba, mota a baya, suka kama hawan tudu.

To nan ne abin ya dame shi. Dangi duk sun miƙe tsaye. Mata sun bar tukwane. Yara na tafi. Ga Seniya can ta harɗe hannu kusa da gwaggonta Hajra, wadda in ta ga abu da safe, kafin azahar ya kai birnin Mostar. Ya ga in ya iso a haka, a bayan wutsiyar doki, to ya gama yawo a gidan nan.

Sai ya gyara hula, ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya danna hon. Ya ƙara dannawa.

Tsohon ya tsayar da doki ya waiwayo. "Lafiya, suruki?"

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Baba, dokin nan naka tun daga rafi ya tare mini hanya. Janye shi gefe in wuce."

Tsohon ya dube shi, ya dubi doki. Ya ce, "Gaskiyarka. Ka yi haƙuri, dabba ce, ba ta san doka ba." Ya sunkuya ya zare sarƙa, ya ja dokinsa gefe, ya miƙa hannu. "Bismillah."

Motar ta ɗan tsaya kamar mai tunani. Sai ta soma tafiya da baya. Ya taka birki, birki ya tafi har ƙasa ya leƙa ta ramin nan na ƙarƙashin ƙafarsa. Ba gudu take ba, a hankali take gangarawa, shi kuma yana zaune ƙyam, gwiwar hannu a taga, yana ta hon. Ta wuce samari, ta wuce tarin kaya, ta koma taɓon nan da mazaunanta, ta zauna daidai inda ta taso.

Gwaggo Hajra ta sa hannu a goshi tana hange. Ta ce, "Muharem, ina kuma surukin naka zai je?"

Tsohon yana naɗe sarƙa ya ce, "Ku ba shi wuri. Ya koma ɗauko gudu ne."