Yadda Na Naɗa Surukina Dotard

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa Alhaji Mamman kirari da Turanci ba.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare a Ƙanƙara, ina fama da ciwon tsinto tsofaffin kalmomin da su Turawan ma sun jingine. Ina kuma neman auren Saude, 'yar Alhaji, babban dillalin masara. Manya sun je, amma bai ce e ba tukuna.

Ranar rabon kyaututtuka a makarantarmu shi ne babban baƙo, ni ne mai gabatarwa. Na taɓa cin karo da kalmar dotard, na ji ta yi kama da dattijo, sai na yanke mata hukunci (ƙamus na kan teburina, girman kai ya hana ni buɗawa). Na ɗaga murya na ce, "Ga Dotard na Ƙanƙara baki ɗaya!" Aka yi tafi. Alhaji ya tambaye ni, "Malam, mi ka ce?" Na ce, "Baba, dattijon dattawa kenan a tsohon Turanci."

Abin ya yi masa daɗi fiye da yadda na so. Ya sa aka rubuta a ƙofar shagonsa da jan fenti, da bayan motarsa mai ɗaukar kaya zuwa Faskari. Maroƙa suka ɗauka. Har wani abokinsa daga Sabuwa ya aiko a samo masa irin wannan sarautar.

Sai wata 'yar bautar ƙasa ta zo sayen masara, ta ga rubutun, dariya ta kusa kayar da ita. Aka kira ni shago, dattawa cike da tabarma. Alhaji ya miƙo mini wayarta, ta buɗo ma'anar kalmar a ciki. "Karanta muna, da Hausa."

Gumi ya jiƙa mini hula. Na ce, "Tsoho... wanda gigin tsufa ya kama."

Wallahi na riga na yi ban kwana da Saude a zuciyata. Alhaji ya dube ni ya ce, "Zan ba ka ita. Amma sarautag ga, na sauka, na naɗa ka. Ka biya mai henti."

Yanzu ko gaisuwa zan yi da Turanci sai na duba ƙamus, sai dai na makara. Jiya aka tambayi ɗana sunan babansa a makaranta, ya ce Malam Dotad.