Randar Birnin Sanyi

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina a Jahun ba, ko da ina so in manta, domin dangin mijin nawa ba za su bari ba.

Muna haya a unguwar Yalwawa a Dutse, ciki da falo, a ƙofar gidan kuma akwai kwatar da ba ta tafiya. Da damina sai ta tumbatsa, ta kwaso ledoji da abin da ba a faɗa ta jibge mana a bakin zaure. A irin wannan daminar ce 'yata ta fari ta kamu da amai da gudawa, har aka kwantar da mu ana yi mata ƙarin ruwa, idanunta suka zurma. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ni ban warke ba. Na hana ta fita, na hana ta taɓa ƙasa, hannunta kuwa na yi ta wankewa har ya fara saɓa.

Labari ya kai wa surukata, Hajiya, wadda sunanta aka sa wa yarinyar (shi ya sa muke ce mata Ummi). Sai ta aiko cewa tsoron uwa ne zai nakasa yarinyar nan, a kawo mata takwararta ta riƙe. Baban Ummi ba ya musu da mahaifiyarsa. Ya ce, "Idan mun je biki za a yi maganar." Tun daga ranar abinci ya daina yi min daɗi.

To, yarinya 'yar shekara huɗu a kulle a ɗaki, da me za ka rarrashe ta? Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni baki. Sai na gina mata gari. Na ce a ƙarƙashin duwatsun nan da muke hangowa ta taga akwai wani gari, Birnin Sanyi. Mutanensa ba su fi tsayin muciya ba, tattabaru suke hawa zuwa kasuwa, sarauniyarsu tana da tsakar gida ta madubi. Babu kwata, babu juji, babu ƙuda ko ɗaya, kuma ba a taɓa kwantar da yaro a asibiti ba. (Na san ba a tatsuniya da rana, amma wanda ya kafa dokar bai taɓa wuni da Ummi a ɗaki ɗaya ba.) Gaskiya ni ma garin yana sanyaya min rai.

Wata rana tana zaune a kan fo sai ta ɗago kai.

"Mama, su 'yan Birnin Sanyi ina suke kashi?"

Na ce ba sa yi. Ta ce ashe cikin sarauniya zai fashe. Na ce to, tattabaru ne suke ɗauka su kai nesa. Ta ce nesa ina, kan gidan wa? Na ce kogi suke kaiwa. Sai ta ce, "To a ina suke shan ruwa?" Jama'a, garin da na daɗe ina ginawa yana neman rushewa a kan fo. Ga tuwo a wuta, ga ƙaninta Sadiƙ yana tsala kuka. Sai na faɗi abin da ya zo bakina: kowane gida a can yana da wata baƙar randa da faifai a kai, duk ƙazantar da aka sa a ciki aka rufe, sai randar ta haɗiye ta, shi ke nan. Ta gamsu. Ni ma na ji daɗin dabarata. Ban tuna ba cewa mu da jarka da bokitin roba muke ajiye ruwa, yarinyar nan ba ta taɓa ganin randa da idonta ba.

Ranar biki na shirya tsaf don in nuna wa Hajiya na iya riƙon 'ya'ya. Na yi wa Ummi kitso, na koya mata gaisuwa har ƙasa. Gidan Hajiya gidan malamai ne, tsakar gidan a share kamar a ci tuwo a kai. A ƙarƙashin rumfa akwai randuna uku a kafe cikin yashi mai laima. Babbar baƙar ta gado ce, tun ta mahaifiyar Hajiya, Hajiyar ce take turarawa da hannunta, kuma ruwanta ya yi suna a unguwar.

Ana cikin hidima Sadiƙ ya ɓata famfas, irin ɓatawar da ba a ɗaga mata ƙafa. Na cire, na naɗe, na nemi leda na rasa. Sai na miƙa wa Ummi na ce, "Riƙe min, kar ki yar a ƙasa, kar ki sa a kwata, bari in wanke shi." Da na fito daga banɗaki na gan ta hannu wayam.

"Ina abin?"

"Na kai inda ake kaiwa."

Na ɗauka kwandon shara take nufi. Har na shafa kanta na ce Allah ya yi albarka.

Bayan la'asar dangin ango suka iso. Aka kawo musu ruwan leda, sai gwaggon ango, wata dattijuwa mai carbi a hannu, ta ce, "A'a, ni na randar Hajiya nake so, na sha jin labarinsa." Hajiya ta yi murmushi, ta tashi da kanta, ta ɗaga faifai, ta zura moɗa. Na ga hannunta ya tsaya. Ta leƙa. Sannan ta ɗago moɗar a hankali, ga abin nan a kai, ya sha ruwa ya kumbura kamar burodi, ya warware.

Sai ga Ummi ta sheƙo da gudu.

"Hajiya, mayar! Ba ta gama haɗiyewa ba! Sai an rufe!"

Hajiya ta ce, "Takwara, ke kika sa wannan?"

"Ni ce. Mama ta ce baƙar randa tana haɗiye kashi."

Duk ido ya dawo kaina. Wata daga can baya ta ce, "Innalillahi, ni fa ɗazu na ba ɗana ya sha," ta fara ƙwaƙulo masa amai. Maimakon in durƙusa in ba da haƙuri, ku ji abin da ya fito daga bakina: "Wallahi Hajiya ba wannan randar nake nufi ba, ta Birnin Sanyi ce."

"Ina ne kuma Birnin Sanyi?"

"A ƙarƙashin dutse yake," in ji ni.

Gwaggon ango ta ja carbinta ta matsa gefe. "Baiwar Allah, uwar yarinyar nan gamo ta yi. Ku gaya wa malamin gidan nan a yi mata rubutu."

Hajiya ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce randar ƙasa tana shan najasa, babu wankin da zai fitar. Ta sa aka tumɓuke randar aka kai bayan gida. Ina ɗaki na ji ƙarar fashewarta, na ji kuma Hajiya ta yi salati sau ɗaya, a hankali. Ni da na hana 'yata taɓa ƙasa, ni ce na shayar da ɗan mutane wannan ruwan. Na yi ta leƙen yaron ta labule, sai da na ga yana guje-guje lafiya lau sannan numfashina ya dawo.

Washegari na je sallama, na durƙusa a bakin ƙofarta ina jiran hukunci, kayan Ummi ma na riga na ware su a leda daban. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ɗauki 'yarki ku tafi. Randa biyu suka rage min."

Haka na samu abin da na daɗe ina roƙon Allah. A motar Dutse Ummi ta yi barci a cinyata, ni kuwa na rufe fuska da mayafi ina hawaye, ban san na murna ba ne ko na kunya. Har yau idan na gaishe da Hajiya a waya amsar a taƙaice take, kuma a dangin ba a kirana Maman Ummi, sai Sarauniyar Birnin Sanyi.

Abin da na koya shi ne, idan za ka gina gari, ko da na baki ne, ka fara haƙa masai kafin ka yi fadar sarauniya. In ka bar shi sai an tambaye ka, a tsakar gidan surukai za a haƙa maka.