Ɗan Ikko Mai Billen Kusada

"Lahiya lau, sai kewar miji. Wata bakwai hwa, Ma'arufu! Karen gidan nan ya hi ka sanin hanyar ɗakina."

"Kare ai don ƙanzo shike zuwa, tsohuwa. Ni mi zan samu? Ba haƙori, ba shayi."

Ma'aruf ya jingine kekensa a bakin rumbu. Da hantsi ya taso daga Kankiya zuwa Kusada, hutun Sallah saura kwana uku ya ƙare. Kakarsa Sodangi, wadda ta haifi babansa, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Bakinsa ne kawai ke zolaya, amma idonsa na kan wani ƙullin kaya da aka ɗaure tamau a bakin ƙofa. Tun jiya aka tsegunta masa cewa tsohuwa ta ce ƙafarta ƙafarsa, Maraɗi za ta bi shi ranar Asabar. Ko abincin kirki bai iya ci ba tun da ya ji.

Ga inda matsalar take. A shekarun nan na kuɗin mai, alhazan Maraɗi ba su da zance sai Kano da Ikko, har suka buɗe 'yar makaranta don 'ya'yansu su koyi Turancin Ingilishi ban da Faransanci. Nan aka ɗauki Ma'aruf. Sharaɗi ɗaya shugaban makarantar, wanda suke kira direkta, ya kafa masa: kada yara su san yana jin Hausa, domin malamin da ya riga shi da Hausa yaran suka cinye shi, shekara ta ƙare ba wanda ya iya ko gaisuwa. An gaya musu shi ɗan Ikko ne. Ranar da aka ji Hausa a bakinsa, ranar zai tattara komatsansa.

"Wancan ƙullin na wane ne?" ya tambaya, kamar bai damu ba.

"Na amarya ne. Miji ya tare ƙasar Faranshi, ba sai in bi shi ba?"

"Ke da ko Bauranya da ke nan kusa ba ki iya zuwa sai an ɗora ki bisa jaki? Sojan kan iyaka na ganin ki zai ce kayan tarihi aka sato."

"In ce mashi ga ɓarawon nan kusa da ni. Ina daddawata?"

Dama Ma'aruf ya san nan za a zo.

"Wace daddawa?"

"Ji munahuki! Daddawa da kuka da na ba ka ka kai ma gwaggonka Halimatu. Ɗiyata, ƙanwar ubanka, gari guda kuke kwana kuna tashi, ko sallama ba ka taɓa yi mata ba. Ka cinye?"

"Ban ci ba, wallahi. Tana nan ƙarƙashin gado."

"Wata bakwai?"

"Tana nan lahiya. Ɓeraye ma sun bar ɗakin saboda ita."

"Su sun hi ka kunya. To ni zan tahi in ciro ta, in kama hannunka har ƙohwar makarantar, in ce ma yara ga mijina, ni na yi mashi wankan jego."

"Inna!" Da ya ji tsoro ya kama shi sosai, sai ya manta da tsohuwa ya koma Inna. Ya durƙusa a gefen tabarma. "Don Allah ki saurare ni. In kika taka garin nan, aikina ya ƙare. Ɗiyar Gwaggo Halimatu, Ummulkhairi, ajina take. Layin gaba take zama. Rabon da ta gan ni tun tana goye, ba ta san ni ba. In na shiga gidansu da yamma na ce salamu alaikum, kahin a buga ƙararrawa da sahe yara arba'in sun ji. Kahin tara direkta ya ji."

"Sai mi?"

"Sai in dawo Kankiya in zauna bakin titi ina ƙirga motoci. Baba ya ce in ci gaba da karatun gida, na ƙi, na ce boko. Da wane ido zan dube shi?"

"Da wannan mai kama da na mujiya."

"Ba ki san wahalar da nike sha ba. Ƙosai da yatsa nike nunawa, kamar bebe. Mai ƙosan ta ce ma ƙawarta, miƙa ma wawan nan na jiya, ni kuma in yi murmushi in karɓa. In bakina ya yi tsami, sai in tahi can tasha wurin direbobin Jibiya in yi Hausa kamar mai shan taba a ɓoye. Aji kuwa ba a magana. Ina rubutu a allo suna bayana suna yanka ni."

"Mi suke cewa?" Sodangi ta ajiye gyaɗar, ta gyara zama. Wannan labarin ya yi mata.

"Wai kunnena kamar faifai. Wai wuyana na zalɓe ne. Wai tahiyata ta agwagwa mai ƙwai."

"Kai kuma ka ce mi?"

"In juyo in ce, beri gud, sit dawun."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari, har sai da ta nemi moɗa ta kurɓi ruwa. Ma'aruf bai yi dariya ba. Shi dai ƙullin nan yake kallo, yana lissafin yadda zai yi ya sulale ranar Juma'a tun kafin ta shirya.

"Wa ke ja masu gaba?" ta ce.

"Wa hwa in ba jikarki ba? Bakinku ɗaya. Ko tari na yi sai ta kwaikwaya."

"Ba ta yi laihi ba. Ɗiyar gwaggonka ce, taubashiyarka. Haƙƙinta take karɓa."

"Ai ba ta san ni taubashinta ba ne."

"Uhm," in ji Sodangi. Ta miƙa hannu ta kamo haɓarsa, ta juya fuskarsa wajen rana kamar mai duba akuya a kasuwa. "Ma'arufu, can ƙasar Faranshi babu madubi?"

"Akwai mana."

"To ba ka dubawa. Wannan mi ne a kuncinka?"

Ya shafa. Bille ne, da 'yan gajerun tsage uku a gefen baki. Yana tare da su tun yana kwana bakwai a duniya, har ya daina ganin su.

"Ni na riƙe ka wanzami ya yi maka shi," ta ce. "Ni na riƙe ubanka. Ni na riƙe Halimatu. Yarinya ta buɗe ido duniya tana kallon shi a huskar uwarta, sannan ka shigo mata aji da shi ka ce kai ɗan Ikko ne? Ɗan Ikko mai warin daddawar Kusada?"

Ma'aruf ya zauna daɓas a ƙasa.

"Wa ya hwaɗa maki?"

"Halimatu ta zo suna Bauranya watan jiya, nan ta kwana. Ta ce ran da ka hwara aiki yarinyar ta dawo da gudu, ta ce Inna, sabon malaminmu ɗan gidanku ne. Kahin sati duk ajin sun sani. Wai in sun zage ka kunnenka motsi shike, shi suke son gani."

"Shi ke nan. Na mutu. Direkta..."

"Direkta bai san sun gane ba, shi baƙo ne, bai san tsage ba. Ya taɓa tsare su da bulala a hannu ya tambaye su ko sun taɓa jin Hausa a bakinka. Ummu ta miƙe ta ce, wannan ko zo bai sani ba. Sauran suka ce haka ne. Sun haɗa baki, wai kai ba ka duka, kuma kana yi masu waƙa, ba su so a kore ka."

Kunya ta rufe shi, wani daɗi kuma ya taso masa. Ya tuna yadda ajin ke yin tsit duk sanda direkta ya leƙo, hannuwa arba'in a sama, kowa na ƙoƙarin amsawa da Turanci. Shi a zatonsa iya koyarwarsa ce.

"Ɗiya 'yar shekara bakwai ta riƙe maka asiri wata bakwai," in ji Sodangi, wannan karon ba wasa a muryarta. "Kullum la'asar tana zaune a zaure, wai ko yau yaya zai zo. Kai ka kasa kai mata ƙullin daddawa."

Ta jawo kayan nan da suka hana shi sukuni, ta kwance. Babu zane ko ɗaya nata a ciki. Sabuwar daddawa ce da kuka da gyaɗa, sai wasu 'yan jajayen takalman roba da ba su fi tafin hannunsa ba.

"Ni in tahi Maraɗi? Da wace gwiwa? So nike in ga ko akwai sauran jini a jikinka."

Ma'aruf ya ɗauki takalman yana juya su, ya goge ido da hannun riga, sannan dariya ta ƙwace masa.

"Kin ci, uwargida. Ranar Asabar daga tasha gidan zan wuce, ko ɗakina ba ni biyawa." Ya zaro ƙullin goro daga aljihu ya ajiye mata a cinya. "Amma ki hwaɗa mani gaskiya. Kunnen nawa har ya kai faifai?"

Sodangi ta ɓare goro ɗaya, ta ƙare masa kallo.

"Yarinyar ta rage maka, don kai malaminta ne."