Takardu Uku a Adakar Bappa Hayatu

Ranar Talata da safe na isa injina na casar shinkafa da ke Mayo Gwoi, na tarar an yi mini kwalliya kyauta. Wani mai hannu da kyau ya zana ƙatuwar alama da jan fenti a bango, irin wadda in aka yi wa gini sai mai shi ya fara tunanin inda zai kai kwanon rufinsa. A ƙasanta an rubuta kwana goma sha huɗu. Obadiya, wanda ya shekara bakwai yana juya mini injin, yana tsaye da buhu a kafaɗa, ya manta ma bai sauke ba.

"Oga, da mota biyu sun zo," in ji shi. "Na ce su jira ka, sun ce an riga an gaya maka har sau uku."

Sau uku! Ni da ko sau ɗaya ba wanda ya ce mini kanzil.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san inda na yanka wa kaina tikitin wahala. Shekara biyu da suka wuce aka yi ta shela a rediyo cewa duk mai ƙaramar sana'a ya je ya yi rajista, za a raba sababbin injina. Muka yi tururuwa. Injinan kam mun gan su, a hoto, wani babban mutum yana shafa ɗaya yana murmushi. To a cikin fom ɗin rajistar akwai wani layi da ke neman sunan wakili, wato wanda zai riƙa karɓar sammacin kotu da takardun hukuma a madadin kamfani. Duk abin da ya shiga hannunsa, a wurin doka ya shiga hannunka, ko kana barci ko kana Legas.

Mabel, mai shagon buga takardu da ke jikin injina, ita ce ta cike mini fom ɗin. Da muka zo layin sai ta ɗaga biro ta dube ni.

"Oga Imrana, wannan layi ba na girmamawa ba ne fa. Ka sa mutum wanda zai buɗe ambulan, ya karanta, ya kira ka a waya. Ko ni ka sa, kullum ina nan."

Na yi dariya. Yarinyar kirki ce, amma ba ta san gidanmu ba. Bappa Hayatu, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara tara. Shi ya karɓo mini aure, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Yanzu a ce hukuma ta tambaye ni wa zai tsaya mini, in tsallake shi yana raye in rubuta sunan maƙwabciya? Da labarin ya kai garinmu Lau kafin tawada ta bushe, kuma da Inna, mahaifiyata, ta daina cin abincin gidana. Na ce ta rubuta Bappa. Ta rubuta tana girgiza kai.

Wurin adireshi ma sai da muka sha fama. Fom na neman lambar gida, bangon Bappa kuwa a Yelwa lamba huɗu gare shi. Masu rigakafi sun sa tasu da alli, masu ƙidaya sun sa tasu, masu wuta sun sa tasu, sai kuma ta wani kwamitin lambobin gidaje da aka ƙaddamar da rumfuna da makaɗa, ya yi layi ɗaya da rabi, fenti ya ƙare. Daga ƙarshe muka rubuta "bayan bishiyar mangwaro". A raina na ce ai shi ke nan, ba ma'aikacin da zai taɓa gano wurin. Shekara tara mutanen layin suna rubuta koke a kan kwalbatin da ya rufta, ana ce musu an turo injiniya bai gane unguwar ba.

To, ranar Talatar nan na nufi ofishin da abin ya fito. Na zauna a benci tun ƙarfe goma. Ranka Ya Daɗe Mai Riƙe da Hatimi ya tafi mitin, daga mitin ya wuce salla, daga salla ya wuce cin abinci, kuma Allah ya ƙara masa lafiya, ba ya gaggawar tauna. Wajen ƙarfe uku aka shigar da ni. Ya jawo fayil ba tare da ya dube ni ba, ya baje takardu uku a tebur. Ta farko ta ce ana buƙatar filin don amfanin jama'a, mai ƙorafi ya kawo cikin kwana ashirin da ɗaya. Ta biyu ta gayyace ni zaman sauraron ƙorafi. Ta uku ta ce tunda ban zo ba, an ɗauka na amince. A ƙasan kowacce ga dangwalen babban yatsan Bappa, raɗau.

Jama'a, dole in yaba. Tunda nake a garin nan ban taɓa ganin hukuma ta yi aiki a kan lokaci ba, sai ga shi ta yi har sau uku a jere. Mai babur ɗinsu ya gano bishiyar mangwaro, da damina, ta kan rufaffen kwalbatin nan da injiniya ya kasa gani. Irin wannan ma'aikaci lambar yabo ta kamace shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane amfanin jama'a ne za a yi a filin?"

"Wannan ba hurumin ofishin nan ba ne."

Masinjan ƙofa ne ya raɗa mini cewa gidan mai za a gina, na wani bawan Allah da ba a kiran sunansa sai an waiga. Na ce madalla. Gidajen man da muke da su duk muna kwana a layinsu babu mai, ƙila wannan da tasa rijiyar zai zo.

Daga nan Yelwa na wuce, raina a ɓace, ina shirya maganganun da zan faɗa. Na tarar da Bappa a kan buzu. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi matata Ruwaida da jikinta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da gaisuwa ta ƙare na ce, ina kallon ƙasa, "Bappa, ko akwai wasu takardu da aka kawo?"

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya jawo adakarsa. Ga su nan, an naɗe su cikin farin ƙyalle tare da takardar gonarsa da hoton mahaifina, suna ƙamshin turare. Ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Na ga jan hatimi," in ji shi. "Na san ba alheri ba ne. Ta farko ta zo iyalinka tana asibiti, an yi mata aiki. Da wane baki zan zo maka da wannan? Na ce bari ta tashi."

Sai na tuna. Sau uku Bappa ya zo injin a watannin nan, abin da ba ya yi. Ya zauna, a kawo shayi, ya ce, "Jam dai ko?" wato lafiya da Fulatanci, in ce jam. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce in riƙa yawan addu'a, ya ɗauki sandarsa. Ni kuwa ina ta jin daɗi tsoho ya fara sha'awar sana'ata. A gidanmu babba ba ya jefa wa mutum mugun labari kamar dutse, sai ya kewaya, ya jira ka tambaya. Ni kuma ban san akwai abin tambaya ba.

"Ban zauna ba fa," ya ƙara da cewa. "Na je ofishinsu da ƙafata, har kwana huɗu, in roƙi arziki a kashe maganar ba sai ka ji ba. Suka ce ni wakili ne kawai, sai mai kamfani ya zo da kansa."

Duk maganganun da na shirya suka zube. Tsoho mai shekara saba'in da biyar, da ciwon gwiwa, kwana huɗu a bencin da na zauna yini ɗaya na kusa kuka. Kuma a cikinsu ba a sami mutum ɗaya da zai ce masa, Baba, kawo in karanta maka abin da ke ciki ba. Haushin da na taho da shi bai tafi ba, ya dai canza adireshi.

Washegari na koma da lauya. Na ce tunda sun ce sai mai kamfani, ga mai kamfani. Ranka Ya Daɗe ya ce a'a, su a doka da wakili suke magana. Lauya ya ce za mu ɗaukaka ƙara, amma kafin nan lallai a canza wakili, kada takarda ta huɗu ta je ta sha turare. Aka ba ni wani fom. A ƙasansa akwai wurin da tsohon wakili zai sa hannu ya amince an cire shi.

Kwana biyu fom ɗin nan yana aljihuna. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga injin nan, ban da matan da ke zuwa sayen dusa, amma wallahi na fi jin tsoron miƙa wa Bappa takardar nan a kan jan fentin bango. Ranar Juma'a bayan masallaci na daure na ajiye ta a gabansa, na fara kame-kame. Bai bar ni na gama ba. Ya miƙo yatsa.

"Yarinyar nan mai na'ura za ka sa?"

Na ce e.

"Ka kyauta. Ita ba ta jin kunyarka." Ya dangwala, ya goge yatsan a gefen buzu, bai sake ɗaga ido ba har na fita. Ban taɓa jin na yi ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Mabel kuwa, Allah ya yi mata albarka, aiki take kamar sabon inji. Jiya da hantsi mai babur ya kawo ambulan biyu, kafin ya juya kan babur ɗinsa ta farke su ta kira ni.

"Oga Imrana, ka zauna tukuna. Na farko, an sa ranar jin ƙararka, ashirin da bakwai ga wata."

Na ce alhamdu lillahi, ashe da sauran adalci a ƙasar nan.

"Na biyu kati ne, mai ruwan gwal. Ana gayyatarka bikin aza harsashin gidan mai, a filinka, ranar ashirin ga wata. Sun rubuta wai kai babban mai ruwa da tsaki ne."

To, masu karatu, duk wanda ba shi da abin yi ranar, ya zo ya taya ni tafi. Sun ce a zo da wuri, kujeru ba su da yawa.