Yadda Za Ki Ɓoye Disasshiyar Murya Washegarin Wasan Jirgin Tsawa

Ke 'yar makaranta mai son kiɗan rok, matso kusa. Kin ce wa iyayenki kina lesin, kin sulale filin wasa, kin yi ta ihu har muryarki ta yi yaji? Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, na yi miki alkawari ko kyanwar gidanku ba za ta gane ba. A wajen Chizuru Nagamine na samo su, ƙawata ta sakandare a Fukuoka, wadda ta gwada su shekarar da mawaƙan Jirgin Tsawa suka cika filin wasan garinmu. Yadda ta kaya da ita kuwa, bari sai mun isa can.

1. Ki san abin da za ki rasa

Baban Chizuru ma'aikacin inshora ne, mutumin da ko dariya zai yi sai ya duba agogo. Da jarrabawar shiga jami'a ta matso, a gaban mamarta ya yanke hukunci: "Ki kuskura ki tsallake lesin sau ɗaya, jitar nan ta koma gidan kawunki." Jar jita ce, kuma Chizuru ta fi sonta da abincin rana. In ba ki da abin rasawa irin wannan, rufe shafin nan ki je ki yi karatu.

2. Ki taƙaita ƙarya

Doguwar ƙarya sai an yi mata rakiya. "Mama, yau akwai ƙarin darasi." Shi ke nan, ja bakinki. Chizuru ta ma taki sa'a, don Baba ya bugo waya wai aiki ya riƙe shi a ofis. A banɗakin tashar jirgin ƙasa ta tuɓe kayan makaranta, ta rataya jan tawul na masoya ƙungiyar, ita da ƙawarta Tomoe suna ta tsalle kamar an zuba musu ƙaiƙayi.

3. A filin, ki yi tattalin murya, ki guji kyamara

Wannan matakin babu wadda ta taɓa cika shi, amma dole in rubuta. Kujerarsu can ƙololuwa take, inda ake hango mawaƙin kamar ƙwayar shinkafa mai gashi. Aka kashe fitilu, ganga ta ce dum, benen duka ya ɗauki rawa, tawula suka tashi sama. Duk alkawarin da Chizuru ta yi wa maƙogwaronta ya bi iska.

"Chizuru, ya kalle ni! Na rantse ya kalle ni!"

"Dalla can, mai ido kamar na kifi! Ni ya kalla!"

Suka ƙanƙame juna suna kuka suna waƙa. Da kyamara ta leƙo sama ta haska su a ƙaton allo, mai hankali sunkuyawa za ta yi. Chizuru hannu biyu ta ɗaga, baki wangame, majina har leɓe. Daɗi ya kusa kashe ta.

4. Kar ki kwaso shaida

A waƙar ƙarshe ake harba zirin leda mai ƙyallin azurfa, da sunan ƙungiyar a jiki, yana saukowa kamar ruwan sama. Kan 'yan gaba kawai yake sauka. Na sama sai miƙa hannu da damƙar iska. A ilmance wannan alheri ne, tunda abin da ba ki kawo gida ba, ba zai tona ki ba. Chizuru dai ba ta ga alherin ba. Har cikin jirgi tana kallon zirin da ke wuyan mutane, zuciyarta na ƙuna.

5. Da safe, takunkumin fuska

Ɗaura shi tun daga ɗaki. Yi tari biyu a matakala, kar ki yi uku, ukun wasan kwaikwayo ne. Nuna wuya, langaɓe kai. Mura ba ta da shaida.

6. Ki tsallake godiyar abinci

Nan ne ramin. A gidan Nagamine ba a taɓa shinkafa sai kowa ya haɗa tafi ya faɗi godiyar abinci a bayyane. Mama ta jera miyar miso da gasasshen kifi. Sai ga Baba ya sauko, kwat a goge, shi ma da takunkumi.

"To, ina sauraro," in ji Mama.

Uba da 'ya suka buɗe baki tare. Abin da ya fito, kwaɗi biyu ne a rijiya.

Mama ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Oh ni! Mura biyu rana ɗaya. Ke kin kwaso taki a lesin, kai kuma Baban Chizuru a ofis. Lallai iskar ofishin nan da ƙarfi take." Ta dire musu kofi biyu na citta da zuma, waɗanda da ganinsu tun asuba aka haɗa.

Chizuru ta sunkuyar da kai, a ranta tana ban kwana da jita. Baba ya shanye cittarsa, ya ɗauki jaka, ya zagayo bayanta. Ya ɗaga kwanon shinkafarta, ya tura wani abu a ƙarƙashi. Zirin azurfa ne, an naɗe shi tsaf irin naɗin ma'aikacin inshora.

"Na sama ba sa samu," ya ce cikin disasshiyar raɗa. "Gaba in an haska ki a allo, ki share hanci."

"Baba... jitar fa?"

"Wace jita? Ni ina ofis jiya, me na gani? Ki dai ci jarrabawar nan."

Ya sa takalmi ya fice, kunnuwansa jajir.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ta wanke hannunta tas. In kika bi matakan nan aka kwashe miki jita, kar ki doso ƙofata, don dabarar ba ta aiki a gidan da uba yake ofis da gaske. Ita dai Chizuru ta ci jarrabawa, zirin kuma yana nan ɗaure a wuyan jitar, ya koɗe. Tsohon yanzu sai an ɗaga murya yake ji, amma je ki tambaye shi inda yake ranar. Zai gyara zama ya ce miki aiki ne ya riƙe shi.