Rasuwar Daɓen Garajin Barmo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, ni Barmo Abdurrahaman, bakaniken bakin tasha a Gidan Rumji, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki, da direbobi da ƴan kabu-kabu, da duk wanda ya taɓa turo mini mota yana rantsuwa cewa jiya lafiyarta lau, rasuwar daɓen simintin garajina. Ya cika ranar Talata da hantsi a hannun Chindo magini, bayan doguwar jinya. Ya bar duniya yana da shekara talatin da bakwai.

An haife shi a bazarar 1988. Wani tsohon magini daga Tibiri ne ya zuba shi, a zamanin da ake sa siminti a cikin kwaɓin siminti, ba kamar yau ba da ake nuna wa yashi buhu daga nesa a ce an gama haɗi. Kwana bakwai ina shayar da shi ruwa safe da yamma, da hannuna nake jawowa daga rijiya. A kwana na biyu akuyar maƙwabta ta ratsa shi yana ɗanye. Ya ɗauki sawunta guda tara a ƙirjinsa har ƙarshen rayuwarsa, bai taɓa kai ƙararta ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha baƙin mai, ya sha ruwan batir, ya sha tofin goro na mutanen da ko sallama ba su yi masa ba. Motocin da suka yi zamani a hanyar Maradi zuwa Ƙonni babu wadda ba ta zubar da hawayenta a kansa ba. Bayana ya san shi fiye da yadda ya san katifata. A watan zafi, lokacin da kwanon rufi ke dafa mutum da ransa, shi kaɗai ne mai sanyi a duk tashar, har karnuka sun san haka. Ba mai yawan magana ba ne. In ƙarfe ya suɓuce ya faɗi, sai ya ce ƙwal, a tsaye, babu kwana-kwana. In na ja jak a kansa ya ce garrr. Iyakar abin da na ji daga bakinsa ke nan a shekarun ƙuruciyarsa.

Ya kuma iya ɗaukar baƙi. Shekara ashirin da ƴan kai yana ɗauke da bencin Malam Safiyanu, tsohon ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, wanda ke zuwa kullum bayan karin kumallo ya zauna har la'asar. Malam Safiyanu bai taɓa mallakar ko keke ba, amma babu motar da za ta shigo bai faɗi ciwonta ba tun kafin a kashe injin. Marigayin ya saurari duk wannan ilimi, bai tsage don haushi ba. Wani abu ne daban ya tsaga shi.

Ciwon ajali ya fara ne shekara goma sha huɗu da suka wuce, ranar da wata babbar mota ta taso daga Gidan Sori maƙare da buhunan wake, ƙarfen ƙafarta na baya ya karye. Na ce a sauke kaya kafin a ɗaga. Direban ya ce yamma ta yi, Maradi ake jiransa. Na bi son ransa, muka ɗaga ta da kayanta. Marigayin ya ce ƙas, sau ɗaya, a hankali, kamar dattijon da ya taka ƙaya a cikin jama'a. Da motar ta tafi na ga layi siriri kamar gashi, daga bakin ƙofa zuwa gindin teburin aiki. Na shafa shi da ƙafa na ce ba komai.

Daga ƙasa kuma saiwar dogon yaro, wanda ni na dasa shi don inuwa, ta sami ƙofa ta shigo. Tsagar ta fara ɗaukar tururuwa, ta koma ɗaukar yatsa, daga baya hannu har wuyansa. Ta haifi ƴaƴa, ƴaƴan suka bazu kowane kusurwa. Muryarsa ta canza. In ka taka shi ta wajen yamma sai ya ce dum, dum, kamar tulun da babu ruwa.

Ba a bar shi babu magani ba, kada wani ya faɗi haka a bayan idona. Na liƙe shi da siminti har sau shida, kowace damina ta tofar da shi. Na narka kwalta na ɗura masa. Na cusa masa tsohuwar robar taya. Malam Safiyanu ya duba shi daga kan benci ya ce aikin maƙiya ne. Da aka shekara ya ce ƙasar ce ke motsi, ya ji a rediyo. Ni kuwa na ci gaba da tsallake tsagar kamar yadda mutum ke tsallake maganar da ba ya son ji a gidansa.

Bara ƴata Munira ta dawo daga Maradi, inda ta koyi gyaran famfunan ruwa masu aiki da hasken rana. Ta ce za ta zauna a garajin nan, mu raba wurin, ni da motoci ita da famfuna. Ta sa aka sauya kwanon rufi, aka shafe bango da farar ƙasa, aka kafa allo kowane ƙarfe da ƙusarsa. Duk na ƙyale ta. Da ta zo kan daɓe na ce a nan ne iyaka. Ta ajiye teburinta, ƙafa uku suka taɓa ƙasa, ta huɗu tana lilo. Ta dube ni, na dubi bango.

Watan jiya nake ƙarƙashin motar wani ɗan kasuwa, an cire taya biyu. Bakin tsagar ya gutsure a ƙarƙashin jak, jak ya karkace, motar ta sauko. Tsakanin ƙarfe da gwiwata bai kai faɗin tafin hannu ba. Marigayin ya ce ƙuuu, dogo, muryar da ban taɓa jin sa da ita ba. Aka jawo ni ta ƙafa. Munira ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ba ni ruwa, ta jira na shanye, sannan ta ce, “Baba, ko dai mu binne shi, ko shi ya binne ka. Zaɓi ɗaya, ni zan kira Chindo ko in kira liman.”

Chindo ya zo ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Ya ce, “Baba Barmo, wanga ya daɗe da mutuwa, ku ne ba ku sani ba.”

Ranar Talata Chindo da yaransa suka fara fasa shi. Na zauna a waje na juya musu baya. Dukan farko ya ce gau, kamar yana jayayya. Na biyu ya ce gaf. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, sai ruf, ruf, kamar ana fasa busasshen tuwo.

A nan ne sanarwar nan ta yi nauyi, kuma da na so in tsallake, amma Munira ta ce in ban rubuta ba ita za ta rubuta.

Da aka ɗaga gutsattsarin sai ga abin da marigayin ya haɗiye a tsawon jinyarsa. Notina sun cika kwano biyu. Akwai cokalin shayi, da rabin tabarau, da katin zaɓen wani mutumin Sae Sabuwa, da iyalin kunama da suka fito suna neman wanda za su tuhuma. Can kusa da gindin teburin aiki Chindo ya sunkuya, ya zaro wani ƙarfe, ya goge a wandonsa, ya miƙo mini. Sifana ce mai lamba goma sha bakwai, ƙirar Jamus, da tsaga uku da na yi mata da zarto a ƙota don shaida. Maigidana da ya koya mini aiki ne ya ba ni ita ranar da ya sallame ni.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta ɓace. A lokacin muna aiki tare da Gajere, mijin ƙanwata Habi. Shekara goma sha shida muna shiga ƙarƙashin mota ɗaya, muna cin abinci a kwano ɗaya. Na nemi sifanar kwana biyu ban gani ba. A rana ta uku Malam Safiyanu ya kira ni gefe ya ce ya ga aljihun Gajere ya yi nauyi ta gefen dama da zai tafi masallaci. Ya rantse. Na tsayar da Gajere a bakin ƙofar nan, gaban direbobi, gaban masu sayar da abinci, na sa hannu a aljihunsa. Goro na samu da carbi. Maimakon in ji kunya sai na ce ya riga ya kai ta gida. Ya ɗauki hularsa ya fita. Kafin sati ya kwashe Habi da yara suka koma Cadakori, ya kafa rumfar gyaran moto, wato babur, a gefen kasuwa. Suna uku aka yi a gidansu ban je ba. Na aurar da ƴaƴa biyu ba su zo ba.

Duk wannan marigayin yana kwance yana ji. Shi ya haɗiye ta, yana riƙe da ita taku biyu daga inda nake tsaye ina zagin mutum. Mai iya cewa ƙwal don ƙaramin noti, ranar nan bai ce uffan ba. Ina roƙon jama'a su yafe masa wannan, don ni ma yafiyar nake nema, kuma nawa laifin ya fi nasa: shi siminti ne.

Na kai sifanar gaban Malam Safiyanu na ajiye a kan benci. Ya ɗauka, ya juya, ya ce shi dama tun a lokacin ya yi zargin daɓen.

Laraba Munira ta ɗauke ni a moto muka tafi Cadakori. Habi ce ta fara ganinmu, tana shanya wake a tsakar gida. Ta yi furfura, ban san ta yi ba. Ta rungume Munira, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, duk ba ta dubi fuskata ba. Na fito da sifanar daga aljihu. Ta dube ta ta daɗe, sannan ta ce, “Yaya, wannan ce? Wannan ɗin? Na ɗauka ta zinariya ce.”

Aka kira Gajere daga rumfa. Ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa jandarma. Na faɗi abin da ya kawo ni. Na miƙa masa sifanar na ce ya riƙe, na ba shi. Ya karɓa, ya shafa tsaga ukun da babban yatsa, ya maido mini da hannu biyu.

“Ba tawa ba ce, Yaya,” in ji shi. “Shekara sha ɗaya ke nan ina son ka yarda.”

Ya koma aikinsa. Habi ta hana mu tafiya sai da muka ci tuwo. Shi bai ci tare da mu ba, amma da za mu taso na tarar an ɗaure sarƙar moton Munira da ta yi sako-sako an sa mata mai, ba wanda ya ce shi ya yi.

Marigayin ya rasu ya bar bango huɗu, da teburin aiki mai ƙafar katako guda, da jak ɗin da suka yi rabuwar rashin daɗi, da dogon yaro wanda ake tuhuma da hannu a mutuwarsa amma aka yanke masa saiwa ɗaya aka sallame shi. Ya bar ni, da gwiwoyina biyu cif. Ya bar magajinsa, wanda Chindo zai zuba ranar Litinin da raga ta ƙarfe a cikinsa, Munira kuma za ta tsaya a kan kwaɓin da kanta tana ƙirga shebur. Ana roƙon masu awaki su ɗaure su har kwana bakwai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an karya kumallo. Amalanken jaki uku za su ɗauki gawar daga bakin tasha zuwa kwazazzabon da ke bayan lakol, makarantar bokon yara, inda ruwa ke cin hanya kowace damina, a binne shi a can ya ƙarasa aikinsa na a taka shi. Ba a buƙatar kuka, shebur ake buƙata. Masu zuwa ta'aziyya su zo da wurin zamansu, domin an fitar da bencin, kuma sabon tsarin garajin bai bar masa gurbi ba. Kwanon sarki na farko Malam Safiyanu ne zai ɗauka a ka, tun da idonsa ya fi na kowa gane abin da ya yi nauyi.

Jiya Habi ta kira Munira ta waya ta ce za su zo, ita da yaran duka. Ta ce Gajere ma zai zo. Ya kai wa tela yadi tun ranar da muka baro su, ya ce a ɗinka masa riga ta musamman don wannan rana, kada a sa mata aljihu ko ɗaya.

Duk wanda ya gan shi da ita, ya yi shiru. Ni zan tarbe shi a bakin ƙofa.

Sanarwa daga Barmo Abdurrahaman, a madadin iyalan mamacin.